Yadda aka ɗebi ruwan fayata ina ɗauke da cikin tagwaye

Ni da maigidana duk AS ne. Lokacin da aka ɗaura mana aure ba a damu da gwajin jini ba kamar yanzu, dokar Kano da ta wajabta shi kafin aure sai a 2024 aka sa mata hannu, mu kuwa a lokacin mun riga mun tara iyali. Sai da ɗanmu na biyu ya fara kumburin yatsun hannu da na ƙafa yana jariri, aka ce sikila ce, sannan muka san abin da ke tsakaninmu. To da na sake samun ciki ina shekara 37, aka kuma ce mini biyu ne, murna da fargaba tare suka zo. Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne, da aka ce za a soka mini allura a ciki a ɗebi ruwan faya, wato gwajin da likitoci ke kira amniyosentesis, duk bayanin da na samu a waya na mai ɗauke da jariri ɗaya ne. Na tagwaye sai da na bi ɗaki-ɗaki, likita-likita, kafin na haɗa shi.

Hoton farko a wani shagon sikanin na unguwa na yi shi. Mai hoton ya ce "Hajiya, barka, 'yan biyu ne", ya ba ni takarda mai layi uku, na biya na tafi ina ta hamdala. Da na kai wa likitar awo a asibitin gwamnati, ta juya takardar gaba da baya, ta ce ba a rubuta abin da take nema ba: mabiyiya ɗaya ce ko biyu? Ni ban taɓa sanin akwai wannan tambayar ba. Ta ce tagwaye iri-iri ne. Akwai waɗanda kowa da fayarsa da mabiyiyarsa, kamar kishiyoyin da kowace ke da ɗakinta da tukunyarta. Akwai masu faya biyu amma mabiyiya ɗaya, jininsu na gauraya ta jijiyoyin da ke cikinta, akwai kuma 'yan kaɗan da ke kwance a faya ɗaya babu ko shamaki. Ta ce ana gane wannan da kyau ne tsakanin mako 11 zuwa 14, in aka wuce sai ya yi wuya, kuma duk wata shawara da za a yanke nan gaba a kansa za ta tsaya. Ta rubuta mini takarda zuwa sashen hoto na asibitin koyarwa, ta ja layi biyu a ƙarƙashin ranar da bai kamata in wuce ba.

A can layi ne tun asuba. A yanki kati, a je a biya a wani gini, a dawo da rasit, a sha ruwa a cika mara a zauna a benci ana matse ƙafa. Da aka kira ni, mai hoton ya ɗauki lokaci sosai. Ya nuna mini inda shamakin da ke tsakanin jariran ya haɗu da mabiyiya, wani ɗan tsini mai kusurwa uku, ya ce wannan alamar mabiyiya biyu ce, da ɗaya ce da shamakin ya sauka siriri a miƙe. Na ji daɗi. Sai ya koma yana auna wani ɗan ruwa da ke bayan wuyan kowane jariri. Na dama ya auna sau ɗaya ya wuce. Na hagu ya auna, ya goge, ya sake, ya ce in yi tari jaririn ya gyara kwanciya, ya sake aunawa, sannan ya daina hira. Ya rubuta milimita 3.8. Daga baya likita ta yi mini bayani cewa daga 3.5 zuwa sama ana ɗaukarsa ya yi kauri. Ta ce wannan ba cuta ba ce, alama ce kawai, jarirai da yawa masu irin wannan awon ana haifarsu lafiya lau, amma yana iya nuna matsalar ƙwayoyin halitta irin lalurar Dawun, mai sa yaro jinkirin girma da fahimta, ko matsalar zuciya, ga shekaruna kuma sun ƙara nauyin zargin.

Hanya uku ta shimfiɗa mini. Ta farko gwajin jinina, inda ake neman ɓurɓushin ƙwayoyin halittar jarirai a jinin uwa. Ba shi da haɗari ko kaɗan, amma hasashe yake bayarwa ba tabbaci ba, kuma a cikin tagwaye ko ya nuna matsala ba zai ce wanne ne ba, sai an koma ga allurar dai. Ta biyu a ɗan tsinko tsokar mabiyiya, ana yi daga mako 11 zuwa wajen 14. Ta ce Gidauniyar Sikila da ke Idi-Araba a Legas ta daɗe tana yin irin wannan don gano sikila tun a ciki. Sai dai ni a lokacin ina bakin mako 14, kafin mu haɗa kuɗi da tikiti lokaci ya ƙure, kuma ta ce idan mabiyiyoyi biyu suna manne da juna ana iya tsinko ta jariri ɗaya sau biyu ba a sani ba. Ta uku ita ce ruwan faya. Shi kuma ba a yin sa kafin mako 15, saboda an gano yin sa da wuri yana ƙara ɓari, yana kuma sa a haifi yaro da karkatacciyar ƙafa. Ke nan sai jira.

Jiran nan ban yi shi a zaune ba, neman wanda zai yi aikin ya cinye shi. Ba kowane likitan mata ke yi ba, kuma wanda ke yi wa mai jariri ɗaya ba lalle ya karɓi mai biyu ba. Wani wurin suka ce suna da likita amma ba su da ɗakin gwajin da za su aika ruwan. Wani wurin mai ɗaga waya ba ta ma gane abin da nake nufi ba, ta ce in zo a yi mini sikanin. A ƙarshe likitata ce ta kira wani tsohon abokin karatunta, ya haɗa mu da wata cibiya mai zaman kanta a Abuja, inda akwai ƙwararre a kan lafiyar jarirai tun suna ciki. Suka ce in turo hoton takardar tura mara lafiya, da sakamakon hoton mako 13, da katin awo, da takardun jinotayif ɗinmu ni da maigida. Da aka turo lissafin kuɗi sai da na zauna. Kuɗin ganin likita daban, na aikin daban, na ɗakin gwaji kuma ninki biyu, tunda kwalba biyu ce kuma kowace ana bincikenta a matsayin mutum guda. Gwajin sikila da na ƙwayoyin halitta ma kowanne da farashinsa. Gaba ɗaya ya haura albashina na wata uku, ban da mota da masauki, inshorar wurin aikina kuma ta ce ba ya cikin abin da take ɗauka. Adashina na ɗauka kafin lokaci, maigida ya cika.

A gida kuwa wata shari'ar ce. Hajiya, uwar mijina, da ta ji sai ta ce, "Ke 'yar nan, tagwaye ake soka wa allura? Waɗanda ko kunama ba ta taɓa su?" Dariya muka yi, amma da gaske take, ta ce ita ta haifi goma ba a taɓa leƙa mata ciki ba. Ummata ba ta hana ba, kuka kawai ta yi. Wanda ya yi tambayar da ta fi kowace nauyi shi ne maigida. Da daddare ya ce, "Maman Abba, in an gano, sai me? Me za mu yi da abin da aka gaya mana?" Mun daɗe a kan wannan. Mu dai mun tsaya a kan ba za mu taɓa cikin ba ko me aka gani, kuma dokar da ke aiki a Arewa ma ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa. Abin da ya rage shi ne shiri: in akwai lalura, a ina zan haihu, wane likitan yara zai tsaya a kai, me za a tanada. Da kuma ni kaina, don tun ranar da aka rubuta 3.8 ban sake barcin kirki ba, hawan jinina ya fara motsi, ga sauran wata biyar da rabi a gabana. Muka yi istihara, muka ce mu je mu ji daga bakin mai aikin, in bai kwanta mana ba mu dawo.

Ganawar farko ba a taɓa ni da allura ba, magana ce zalla, kuma ita ce ta fi amfani a duk tafiyar. Na tambaye shi kai tsaye: "Likita, nawa ne haɗarin in rasa su?" Ya ce lissafin ɗaya cikin 100 da aka daɗe ana faɗa wa mata ya samo asali ne daga wani babban bincike da aka yi a Denmak a 1986, a kan mata 4,606 masu jariri ɗaya, da na'urorin wancan zamanin. Yanzu, in ji shi, ƙungiyar likitocin mata ta Ingila a ƙa'idarta ta 2021 ta ce ga mai jariri ɗaya ƙarin haɗarin bai kai ɗaya cikin 200 ba in ƙwararre ne ya yi, ga mai tagwaye kuma a gaya mata wajen ɗaya cikin 100. Ya ƙara da cewa wani nazari na 2020 da ya tattara bincike da yawa a kan tagwaye bai ga wani bambanci a fili ba tsakanin waɗanda aka yi wa gwajin da waɗanda ba a yi wa ba. Na ce to wanne zan ɗauka? Ya ce in riƙe ɗaya cikin 100, gara in yanke shawara da lissafi mai tsauri. Sannan ya yi mini bayanin abin da ya sa lissafin tagwaye ke da wuyar tantancewa. Cikin biyu da ma can ya fi na ɗaya yawan ɓari da haihuwar bakwaini ko ba a taɓa shi ba, kuma matan da ake turowa gwajin galibi an riga an ga wani abu a cikin nasu. In irin wannan cikin ya zube bayan allura, ba kullum ake iya cewa allurar ce sila ba.

Ni ma na yi masa tawa tambayar da likitata ta koya mini: tagwaye nawa yake yi wa wannan aikin, kuma in an samu matsala da daddare wa zan kira? Bai ji haushi ba, ya amsa, ya rubuta lambar waya a bayan katinsa. Ya kuma zauna ya yi mana lissafin sikila a takarda. AS da AS, kowane yaro yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS. In tagwayen daga ƙwai biyu suke, kowa da rabonsa, don haka yiwuwar a samu aƙalla ɗaya mai SS bakwai ne cikin 16, kusan rabi. Maigida ya yi shiru yana kallon takardar. Daga nan aka tura mu ɗibar jini. Nawa an duba rukuninsa, musamman ko na "negatif" ne, don mai irin wannan jinin dole a yi mata wata allurar kariya cikin awa 72 bayan aikin, in ba haka ba jikinta na iya fara yaƙar jinin jariri. An duba ƙanjamau da ciwon hanta, saboda allura na iya kai ƙwayar cuta daga uwa zuwa ɗa. An kuma ɗebi jinina da na maigida don aikawa tare da ruwan, wai da su ɗakin gwaji zai tabbatar abin da ya karanta na jariri ne ba nawa ba. Aka ba mu takardar amincewa mai shafi biyu da Turanci, na ce sai an karanta mana layi-layi, aka karanta, muka sa hannu.

Ranar aikin ina mako 16. Ba a ce in yi azumi ba, na karya da shayi da burodi. Abin da ya fi ɗaukar lokaci ba allurar ba ce, zanen taswira ne. Likita ya yi kusan rabin awa yana duba cikin, yana faɗa, nas tana zanawa a takarda: jariri na ɗaya yana hagu, ƙasa, kusa da bakin mahaifa, mabiyiyarsa a gaba, shi ne mai kaurin wuya, na biyu yana dama, sama, mabiyiyarsa a baya. Ya duba jinsi, ya ce da alama duk mata ne. Ya ce da mace da namiji ne da aikin ya zo da sauƙi, don sakamakon da kansa zai nuna ba a ɗebi faya ɗaya sau biyu ba, amma tunda jinsi ɗaya ne, wannan zanen shi ne shaidarmu. Aka goge mini ciki da ruwan magani mai sanyi har gefen haƙarƙari, aka rufe da ƙyalle mai huda, aka saka kan na'urar hoton a cikin leda mai tsabta. Na tambayi allurar kashe zafi, ya ce zafinta kusan ɗaya ne da na aikin kansa, kuma fata kawai take kashewa, ba ta kai wa mahaifa.

Allurar siririya ce amma doguwa, da na gan ta sai na juya kai na kama salati. Shigarta fata kamar ɗibar jini ne. Da ta ratsa bangon mahaifa sai na ji mara ta murɗa kamar ciwon al'ada mai ƙarfi, na ɗan lokaci, ya lafa. Nas ta ce, "Anti, kar ki riƙe numfashi, ki dinga saki a hankali." Na buɗe ido na kalli allon: wani farin ɗigo a cikin baƙin fili, can gefe kuma ƙafar jaririya tana motsi. Ɗan abin da ya fara shiga sirinji suka zubar, wai yana iya ɗauke da ƙwayoyin jikina, sannan suka ja na gaske, kamar mililita 15 zuwa 20. Launinsa ruwan ɗorawa ne mai haske, garau. Kafin a yi komai nas ta karanta tambarin kwalbar da ƙarfi, "Na ɗaya, hagu, ƙasa," likita ya maimaita, aka nuna mini na gani da idona. Aka jefar da wannan allurar, aka fasa sabuwa, aka koma ɗaya ɓangaren cikin. A nan ne aka ɗan daɗe, don ta dama ta miƙo hannu daidai inda yake son shiga. Ya tsaya cak da allurar a hannu bai soka ba, yana kallon allo, har ta janye don kanta. Maigida da ke tsaye a kaina ya ce wannan minti biyun sun fi masa tsawo a duk ranar.

Da aka gama na tambaye shi batun rini, don na karanta cewa ana zuba launi a faya ta farko, in an shiga ta biyu aka ga ruwa garau sai a san ba a maimaita ba. Ya ce da ana yi. Wani shuɗin rini da aka yi amfani da shi a baya an daina shi gaba ɗaya, bayan an gano yana haddasa toshewar hanjin jarirai. Akwai wani da ya fi shi aminci, amma da na'urar hoto ta yanzu, in ana ganin shamakin sarai, galibi ba a buƙatarsa. Ya ce wasu likitocin da huda ɗaya suke yi, su ratsa shamakin zuwa faya ta biyu, shi dai ya fi son huda biyu don kada ruwan ya gauraya. Sai ya kunna sauti, ya jiyar da mu bugun zuciyar ta hagu, sannan ta dama. Aka manna mini filasta biyu ƙanana, na kwanta kamar rabin awa, aka sallame mu da rahoto da kwafin zanen nan.

An ce in huta kwana ɗaya ko biyu, kar in ɗauki abu mai nauyi, in sha farasitamol in mara ta dame ni. Ya faɗa mini gaskiya cewa kwanciya dindindin ba ta hana ɓari, don haka kar in ɗaure kaina a gado. Abin da zai sa in garzaya asibiti: zubar ruwa, jini, zazzaɓi ko rawar sanyi, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa. Mun kwana a Abuja maimakon kama hanyar Kaduna a ranar, kuma na ji daɗin hakan. Bayan mun koma gida, wani dare na farka na ji danshi. Jikina ya mutu. Muka tafi asibiti mafi kusa, likitan da ke kan aiki matashi ne, da na ce an ɗebi ruwan fayata sai ya ɗauka nufina faya ta fashe, muka yi ta juya magana har maigida ya zaro rahoton daga jaka. Da ya karanta sai ya nutsu, ya kira lambar da ke bayan katin, suka yi magana. Aka duba bakin mahaifa a rufe, da safe aka yi hoto, ruwan duka biyun yana nan daidai. Ɗan ɗigo ne ya tsaya da kansa. An ce yana faruwa ga mace ɗaya ko biyu cikin 100, kuma mafi yawa hudar tana toshewa cikin 'yan kwanaki. Da na san haka tun farko da tsoron bai kai yadda ya kai ba, amma zuwa asibitin dai dole ne.

Sakamako kashi-kashi ya zo, wannan ma ba wanda ya gaya mini sai da na ga saƙon farko na ɗauka shi ke nan. Na gaggawa, wanda ke duba lalurori uku da suka fi yawa, na ƙwayar halitta ta 13 da ta 18 da ta 21 (ta 21 ita ce ta Dawun), ya fito cikin 'yan kwanaki: duka biyun lafiya. Na yi sujada a tsakar ɗaki. Cikakken binciken sai da ya kusa mako uku, don sai an rena ƙwayoyin sun yaɗu kafin a karanta, shi ma bai nuna komai ba. Na sikila ne ya faɗo a tsakiya. Likita ya kira da kansa, ya ce in ɗauko zanen in riƙe. Ta hagu, mai kaurin wuyan da ta hana ni barci, AS ce. Ta dama, wadda ba a taɓa zargin komai a kanta ba, ita ce SS. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba, don na san abin da sikila take, na kwana da ita a gadon asibiti shekara da shekaru. Ya ce akwai abu ɗaya da wannan bambancin ya tabbatar: faya biyu aka ɗiba da gaske, kuma yaran daga ƙwai biyu suke.

Daga nan awo ya sauya. Tunda ƙwayoyin halitta lafiya amma wuyan ya yi kauri, sai aka tura ni hoton zuciyar jariri na musamman a wajen mako 20 zuwa 22, aka duba ɗakunan zuciyar ta hagu ɗaya bayan ɗaya, babu matsala. Ana yi mini hoton girma duk mako huɗu, da masu mabiyiya ɗaya ne da duk mako biyu za a yi. Likitan da ke ganin ɗanmu a asibitin sikila ya san da zuwan ƙanwarsa tun ba a haife ta ba. A mako 37 aka yi mini aiki. A nan wani abu ya faru da ya kamata duk mai tagwaye ta sani: wadda ake kira "ta ɗaya" a hoto ba lalle ita za ta fara fitowa ba, musamman a tiyata, wadda hannun likita ya fara kaiwa gare ta ita ake cirowa. Ta dama aka fara ɗaukowa, ita ta zama Hassana, ta hagu Husaina. Da mun tafi da cewa "ta biyu ce mai sikila", da Husaina za mu ɗora wa magani. Shi ya sa aka sake gwada su bayan haihuwa. Kuma ba gwajin jinotayif na yau da kullum ba, don shi ba a dogara da shi kafin yaro ya kai wata shida, jinin jarirantaka yana rufe shi. Akwai na jarirai na musamman, shi muka nema, ya tabbatar Hassana ce. Kafin ta cika wata uku an ɗora ta a kan fenisilin na kariya, ga rigakafi a kan lokaci, ga gidan sauro. Yayanta bai samu wannan ba sai da ciwo ya riga ya bayyana.

Mata suna tambayata ko gwajin yana da haɗari. Yana da shi, kaɗan ne, kuma a cikin tagwaye ya ɗan fi. Amma a ganina ba a lambar ya kamata mace ta tsaya ba. Tambayar maigida ita ce ta farko: me za ki yi da amsar? Ni dai da sikila ce kaɗai damuwata, ba zan yi ba, tunda ba zubarwa zan yi ba, kuma gwajin jariri bayan haihuwa zai ba ni amsa ɗaya ba tare da an kusanci cikin da allura ba. Kaurin wuyan nan ne ya kai ni, don shi yana iya sauya inda zan haihu da wanda zai karɓi yarinyar. Wata mai irin halina za ta iya cewa ta haƙura har haihuwa, ban ga laifinta ba. Abin da ba na so shi ne a tura mace ɗakin allura ba a zauna da ita an yi wannan maganar ba, ko kuma dangi su hana ta alhali ba su san me ake nema ba.

In kin yanke za ki yi, fara da hoton da zai faɗi adadin mabiyiya kafin mako 14, a wurin da za su rubuta shi a takarda, ba shagon da zai ce miki barka kawai ba. Masu mabiyiya ɗaya lissafinsu daban ne, kusan kullum daga ƙwai ɗaya suke, wani lokaci ma faya ɗaya ake ɗiba in babu bambanci a hotonsu, likita ne zai yanke. Ki nemi wanda ya saba da tagwaye ko da zai fi nisa, ki tambaye shi ba kunya. Ki tambayi kuɗin ɗakin gwaji tun a waya, a gaya miki na kwalba biyu ne ko na ɗaya, kuma ina za a aika ruwan, yaushe kowane kashi na sakamako zai fito. Ki san rukunin jininki kafin ranar, in na "negatif" ne ki tabbatar allurar kariyar tana hannu, don ba kowane kantin magani ke ajiye ta ba kuma tana da tsada. Ki je da maigidanki, ana buƙatar jininsa in sikila ake nema. Rahoton aikin da zanen hagu da dama kuma ki yi musu kwafi, ɗaya a jakar haihuwa, ɗaya a waya, ki nuna wa duk wanda zai yi miki hoto daga baya don ya ci gaba da kiran kowane jariri da lambar da aka fara ba shi, ki kuma miƙa wa likitan da zai karɓi haihuwar tun kafin a shiga ɗakin tiyata.